Rariyar da Yaya Lawal Ya Bari a Buɗe

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kai Yaya Lawal makwancinsa. A ƙarshen bazara ya rasu, ana tsakiyar zafin nan da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa, ruwan fari bai sauka ba sai bayan an yi sadakar bakwai. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan sa a toya waina a kai wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in share hawayena, in ci gaba da abin da ke gabana. Bana abin ya zo mini daban. Tsoro ne ya sa na ɗauki alƙalami, ba zan ɓoye muku ba. Ni da na tashi ina tsalle a tsakar gida in hadari ya haɗo, yau ga ni da furfura, da zarar gabas ta yi baƙi sai in shiga ɗaki in fito, in rasa abin da na shiga ɗaukowa.

Yaya Lawal wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babba, ni ce auta. Ma'aikacin safiyo ne, ya ƙare ƙarfinsa yana awon filaye da zana taswirar sababbin unguwanni a Katsina. Ni kuma malamar firamare ce har na yi ritaya. Da maigidana ya rasu sai na dawo gidanmu na gado a cikin birni, ba nisa da hasumiyar Gobarau, na zauna tare da matar Yaya, Hajiya Dije, da jikokinta biyu da take riƙo. A gidan nan aka yanke mana cibiya, a nan kuma Yaya ya zauna har Allah ya karɓi abinsa, duk da yawan fulotan da suka ratsa ta hannunsa a bayan gari.

Sai na ɗan yi wa 'yan zamani bayani, don na san da yawanku ba ku san yadda ruwa ke tafiya a tsohon birni ba. Gidajen layinmu a jingine suke da juna, katanga ɗaya ce ta raba gida da gida, ƙasar kuma gangare ce. Saboda haka kowane gida yana da rariya biyu, wato kafa a gindin katanga: ta sama inda ruwan maƙwabci ke shigowa, da ta ƙasa inda yake fita. Ruwan gida uku ke ratsa tsakar gidanmu, ya haɗu da namu, ya bi ta gidan da ke ƙasanmu, ya faɗa kududdufi. Kududdufin kuwa ramin da kakanninmu suka haƙa ne suka ɗebi ƙasar da suka gina unguwar. Ƙasar ta fito ta zama gidaje, ramin ya tsaya yana karɓar ruwan gidajen. Ba takarda, ba alƙali. In za a sayar da gida dattawa ke tsayawa su ce wa mai saye, "Ka sani fa, da ruwan maƙwabta ka saya." Shi kuma ya ce ya ji ya karɓa.

Abin yana da ladubbansa. Ba a zuba ruwan wanke-wanke ko na wankin yara a rariya, wannan kowa ya san inda zai kai nasa. Kafin ruwan fari mata za su share, su cire ciyawa da tsummokara, uwar gida ta durƙusa ta leƙa ta kafar ta ƙwala wa ta gidan sama kira, "Mun share tamu, ku fa?" In an yi ruwa kuwa, mu yara sai mu tsugunna a bakin rariya muna jiran abin da zai zo. Wata rana takalmi wari ɗaya, wata rana ludayi. Har ɗan agwagwa ya taɓa shigo mana, ya ratsa tsakar gida abinsa ya wuce gidan ƙasa, ba sallama ba ban kwana. Marigayiya Innarmu takan ce ta rariya take sanin gidan da aka yi surfe, in ta ga dusa na yawo.

Yaya ya yi boko mai zurfi, ya ga gari-gari, amma a kan maganar ruwa ya fi dattawan unguwa tsauri. Duk taswirar da aka kawo masa a ofis, kafin ya dubi yawan fulotai sai ya ɗora yatsa ya ce, "To, ruwan ina za shi?" Har abokan aikinsa suka laƙaba masa Sarkin Ruwa, wasu cikin wasa, wasu cikin jin haushi, don tambayar tasa takan cinye fuloti biyu ko uku. A gida ma haka yake. Da ya tashi gyaran gidanmu bai rushe ginin ƙasar ba. Ya sa aka yi wa gindin ɗakuna tushen dutse da siminti har gwiwa, ya bar sauran bangon da kaurinsa, ana yi masa yaɓe duk rani. Ya ce ɗakin ƙasa da zafi sanyi, da sanyi ɗumi, kuma ba ruwansa da ɗauke wuta. Ya hana a sare bedin tsakar gida, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya. Ya hana a shafe tsakar gidan da siminti, wai ita ma ƙasa tana jin ƙishirwa, a bar ta ta sha rabonta kafin ta miƙa wa na gaba.

Mun sha yi da shi a kan wannan. Lokacin bikin 'yarsa ta fari, da damina aka sa rana, na ce, "Haba Yaya, dangin ango za su zo su taka taɓo? Ko 'yar intalok ɗin nan a shimfiɗa mana." Ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Malama Ladi, taɓo wanke shi ake yi. Ruwan da kika hana ƙasa sha, gidan wa kika aika shi?" Na ce wannan taurin kai ne. Ya ce gado ne, kuma ni ma an ba ni kasona cif. A cikin taɓon aka yi bikin, har yau in na tuna leshin da na yi asara ranar sai in ji haushi ya taso mini.

Kada ku ɗauka zan ce komai ya hango. Ya yi kuskure ɗaya babba, shi muke girba yanzu. Ya yarda da taswira fiye da yadda ta cancanta. Kududdufinmu yana cikin taswirar gari a matsayin wurin jama'a da ba a taɓawa, da hannunsa ya shata shi, saboda haka hankalinsa kwance yake. Na taɓa gaya masa cewa an fara jibga shara a gefen ramin. Dariya ya yi ya ce, "Wanga rami ya ga kakanninmu, kuma shina nan har ya ga jikokinmu. Wa ke da ƙasar cika shi?" Allah sarki Yaya! Ya san halin ruwa, amma bai san haƙurin mai neman fili ba.

Bayan rasuwarsa aka ci gaba da jibga shara a ramin, sannan ɓaraguzan gini, sannan tifofi suka fara shigowa da jar ƙasa. Mutanen unguwa da yawa murna suka yi, kuma ban ga laifinsu ba. Ramin nan sauro ne da wari, kuma tun muna yara ya taɓa cin ɗan wata baiwar Allah. Gari ya cika ya batse, mutane sun baro ƙauyuka saboda rashin zaman lafiya, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Kafin a farga sai ga jerin shaguna da bene a inda kwaɗi ke kuka. Ba zan ce wane ne ya ba da izini ba, don ban sani ba, kuma duk wanda ka tambaya sai ya nuna maka na gabansa.

Ana wata ga wata. Magadan gidan da ke ƙasanmu suka sayar da shi ga wani Alhaji mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa. Dattawan da za su tsaya su ce masa da ruwan maƙwabta ya saya duk sun riga mu gidan gaskiya, dillali ne ya tsaya. Alhaji ya rushe ginin ƙasa ya tada na bulo, ya ɗaga tushensa har ƙugun mutum, don shi ma ya ga yadda ruwa ke yi wa mutane. Mutum ne mai fara'a, ba ya wuce tsoho bai gaida shi ba. Da muka aika masa cewa ya rufe mana mafita, sai ya sa aka binne bututu ɗaya mai kaurin damtse ta ƙarƙashin gininsa zuwa kwatar bakin titi, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan. Shi ma lungunmu aka zuba masa kankare, ya ɗago ya fi dokin ƙofarmu tudu, yanzu sai ka sauka mataki kafin ka shiga zaure. Gidaje biyu na can sama kuwa suka shafe tsakar gida da siminti, suka yi rufin kwano. Ɗigo ɗaya ba ya tsayawa a wurinsu, duk mu ake aiko wa.

Ruwan ma kansa ya sake hali. Da yakan zo da sallama, ya yi yayyafi, ya tsagaita, ya dawo ya wuni yana zuba a hankali. Yanzu sai a daɗe ana zafi kamar a bakin murhu, manoma na kallon sama, sannan ran nan a juye shi gaba ɗaya kamar an kifar da randa. Masana suna cewa sauyin yanayi ne, kuma gaba ma sai ya fi haka. Ni dai ilimina bai kai can ba, abin da na sani shi ne ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Bara a tsakiyar damina ya dake mu. Bayan la'asar ne, ina tankaɗe a gindin bangon madafa, sai iska ta tsaya cak, gari ya yi duhu kamar an rufe shi da bargo. Kafin in gama kwashe garin tuwon, rariyar sama ta fara aman ruwa, ja wur, da ƙarfin da ban taɓa gani ba tun da uwata ta haife ni, har tana gurnani. Bututun Alhaji kuwa ledoji suka tafi suka toshe masa baki. Na jawo gora na shiga ina zungura. Ruwa a idon sawu, ina zungura. Ya kai gwiwa, ina zungura. Da ya kai cinya sai na daina ganin bakin bututun, lalube nake yi da ƙafa. Kaji suka haye bedi. Buta da tukwane da kujerar tsugunno suna ta zagaye tsakar gida. Hajiya Dije ciwon gwiwa ya hana ta tafiya sai da sanda, tana kan gado ruwa ya kai ga katifa, ta samu ta ɗora jikokin nan biyu a saman sif, ina jiyo ta tana ta Hasbunallahu wa ni'imal wakil, yaran suna kuka suna kiran sunana.

Sai na ji wani sauti a bayana. Ba ƙara ba ce, kamar dai an sauke buhun gero a hankali. Na waiwaya, bangon madafa ya zauna gaba ɗaya. Shi kaɗai ne Yaya bai kai ga yi masa tushen dutse ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Daidai inda nake zaune ina tankaɗe ɗazu. Na tsaya a cikin ruwa da gora a hannu ina kallon wurin. Samarin unguwa ne suka shigo suka ɗauko Hajiya Dije a kan kujera, suka saɓo yaran a wuya. Ruwan bai gama janyewa ba sai washegari. Tun daga ranar, ƙaramar jikar in ta ji tsawa sai ta shige cikin zanena, Hajiya Dije kuma in hadari ya haɗo ba ta iya haɗiye ko lomar tuwo.

Nura shi ne ɗan Yaya na fari, uban yaran nan biyu. Injiniyan gini ne, yana aiki da wani kamfani da ke gina rukunin gidaje a hanyar Batagarawa. Ya taɓa ɗaukata ya kai ni in gani. Wallahi wuri ya yi kyau. Itatuwa a jere, wutar sola a kan kowane rufi, kowane gida da rijiyar tara ruwan sama, ga lambatu mai faɗi. Abin da ya ba ni dariya, da tubalin ƙasa aka gina wasu, wai an matse shi da inji, wai ya fi bulo sanyi, masu hali har layi suke yi. Kai jama'a, kowa ya daɗe ya ga daɗau! Ƙasar da aka yi ta yi wa Yaya tsiya a kanta, ita ce yau ado. Na san da ya gani da ya yi murmushin nan nasa na gefen baki. Amma da na bi lambatun da ido sai na ga ya ƙare a katangar baya, ya huda ta, ya nufi gonakin mutane da wasu 'yan gidaje a can ƙasa. Na yi wa Nura tambayar nan ta ubansa, ruwan ina za shi? Ya sosa ƙeya ya ce ana kan magana.

A ƙarshen ranin bana Nura ya zo da buhunan siminti da bulo ya jibge a zaure. Bayan mun gaisa ya ce, "Goggo, gobe birkila zai zo ya toshe rariyar sama. In ruwanmu ne kaɗai, bututun nan zai iya ɗauka." Kuma gaskiyarsa, na san lissafinsa daidai ne.

Sai dai akwai mutane a bayan katangar nan. Masu gidan sama sun daɗe da tashi, sun zuba 'yan haya, sun manta da hanyar unguwar. Ɗakin da ke jingine da katangarmu, wata yarinya ce a ciki, Lantana, da mijinta ɗan acaba da 'ya'yansu huɗu, ƙaramin yana goye. Daga ƙauye suka gudo bayan an shigar musu gari, da kayan jikinsu kawai. Ɗakin nasu ƙasa ce zalla, ba tushen dutse, rabonsa da yaɓe an manta. In muka toshe, ruwan gida uku a tsakar gidansu zai tsaya, ba gaba ba baya. Ni kuwa na san abin da ruwa ke yi wa bangon ƙasa, da kunnena na ji.

Na faɗa wa Nura haka. Ya ce su ma su toshe tasu. Na ce da wane ƙarfin, kuma a wane bangon? Ya ce kowa ya ɗaga gininsa ya kare kansa, mu kaɗai ne waliyyan unguwa? Na ce ubanka bai taɓa toshe ta ba. Ya ce Baba bai bar wasiyya a kan rariya ba, kuma Baba bai ga ruwan bara ba. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Goggo, 'ya'yana ne fa a saman sif ɗin nan." Gaba kura, baya sayaki. In an ce a sayar da gidan a huta, wanda zai saya kafin ya kafa ƙofa zai toshe rariyar ya ɗaga tushe, duk kanwar ja ce.

Ba wai mun zauna mun naɗe hannu ba ne. An kai magana wurin mai unguwa, maza sun zauna bayan sallar Juma'a, har wasu ma'aikata sun zo sun auna lungu. Suka ce maganin abin babban kwalbati ne, kuma dole ya bi ta ƙarƙashin shagunan da ke kan tsohon kududdufi. Daga nan suka shiga motarsu, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. A gidanmu kuwa, in uba ba ya nan maganar goggo ce ke tsayawa a madadinsa, saboda haka Nura ya sallami birkila ya bar mini wuƙa da nama. Na tambayi Hajiya Dije ra'ayinta. Tana jan carbi ta ce, "Malam dai bai taɓa toshewa ba. Amma ni tsoro nika ji, Ladi."

Ina cikin wannan saƙa da warwarar sai ga Lantana da hantsi, da goyonta. Ta durƙusa a bakin ƙofa, muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai gida, ya haƙuri da zafi. Na shirya jin magiya, har na fara haɗa amsa a raina. Sai ta ce, "Malama, na ga siminti a zaure. Ba roƙo na zo yi ba, gidanku ne. In za a toshe, don Allah a gaya mani ranar, in kwashe yara." Na ce ki kai su ina? Ta gyara goyo ta ce, "Allah bai hanawa. Inda muka baro dai ba ya komuwa." Ta yi mini sai anjima ta tafi. Na zauna a wurin har rana ta cim mini ban sani ba.

Da yamma na kira Nura na ce ba za a toshe ba. Ya ce to, amma mahaifiyarsa da yara ba za su sake yin damina a gidan ba. Ban ja da shi ba. Hajiya Dije da ta shigo gidan nan tana amarya, ba ta taɓa kwana a waje ba sai aikin Hajji, aka riƙo ta aka sa a mota. Ba ta ce mini kanzil ba, ba ta kuma waiwayi ƙofar ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Nura ya sa aka haƙa rami mai zurfi a tsakar gida aka cika shi da duwatsu don ƙasa ta ƙara shan ruwa, ya sa ragar ƙarfe a bakin bututu. Ya gaya mini gaskiya, wannan zai taimaka a ruwa matsakaici, amma irin na bara sai Allah. Ya ce in zo mu tafi. Na ce in na tafi wa zai kwashe leda a bakin raga? In ta toshe ruwan zai cika mana gida ya koma baya ta rariya, sai a rasa gida biyu maimakon ɗaya. Da zai fita sai ya tsaya a zaure ya dafa buhunan simintin ya ce, "Ba zan kwashe su ba, Goggo. Ranar da kika gaji ki kira ni. Ko ba ki ce komai ba zan gane."

To, ga ni nan ni kaɗai a gidan da ya taɓa ɗaukar mutum ashirin, ni da kaji da gora. Nakan zauna a ƙarƙashin bedi in tambayi kaina, in da Yaya zai dawo ya ga Katsinar yau, me zai ce? Da ina ganin na san amsarsa. Yanzu ban da tabbas. A zamaninsa barin rariya a buɗe bai wuce taɓo a tsakar gida ba. Bai taɓa tsayawa ruwa a cinya jikokinsa na kuka ba. Wata ƙila da ya ce, "Ladi, kin yi daidai." Wata ƙila kuma da ya dubi matarsa ana sa ta a mota ya ce da ni, "Wa ya aike ki?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuwa ya bar ɗakin tun kafin yoyon ya fara.

In na ce in auna abin da ya rage nasa, ba shi da yawa. Yawancin hanyoyin ruwan da ya shata a sababbin unguwanni an gine su. Akwai 'yan wurare da suka tsira, za ka ga fili mai faɗi ya ratsa tsakanin gidaje yara na buga ƙwallo, mazauna wurin suna barci lafiya da damina ba su san albarkacin wa suke ci ba. Akwai tambayarsa, wadda ta kai ga ɗansa rabi da rabi. Sai kuma kafa ɗaya a gindin katanga, faɗinta bai wuce faifai ba. Ku masu gini, ku masu ba da izinin gini, ba na ce kada ku ɗaga tushe ba, amma kafin birkila ya aza bulon farko ku taka da ƙafarku ku je ku ga wanda ke kwance a ƙasanku. Allah ya jiƙan Yaya Lawal, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya sa ruwan rahama kaɗai ke sauka a kansa.

Abin da ban gaya wa Nura ba, ban gaya wa kowa ba, ruwan ba shi ne na fi tsoro ba yanzu. Kaina nake tsoro. Shekaranjiya bayan azahar hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, iska ta tsaya irin tsayuwar nan da na sani. Ban san lokacin da na shiga ɗaki ba, sai ganina na yi da waya a hannu, na lalubo sunan Nura, babban yatsana a kai. Dannawa ɗaya ce, kuma ba sai na yi magana ba. Sai na jiyo 'ya'yan Lantana ta bayan katanga suna tsalle suna ihun murna, wai ga ruwa nan, ga ruwa nan. Na ajiye wayar a kan gado, na ɗaure zanena tamau, na ɗauki gora na fita na tsaya a bakin raga ina salati.

Ranar dai ban kira ba. Damina kuwa yanzu aka fara.